Kada Ka Gaya Mini Ranar

Bututun da ke kawo mana mai yana fitowa ne daga ƙarƙashin ƙasa a bayan shingen waya, kusa da inda zomaye ke kiwo. Ba wani abin kallo ba ne. Ƙarfe ne mai ruwan toka, kaurinsa ya fi ƙarfin hannuwana biyu su zagaye shi, ya ɗago kai daga cikin tsakuwa ya miƙe ya shige cikin 'yan'uwansa. Amma idan zafi ya shigo sai ka gan shi yana gumi kamar randa, domin man da ke cikinsa ya yi kwanaki yana tafiya a gindin teku, ya iso da sanyin can a jikinsa. Duk ranar da zagaye ya biyo da ni ta wurin, sai na tsaya na ɗora tafin hannuna a kai. Babu wanda ya sa ni. Ina dai son in taɓa abin da ya fito daga inda ban taɓa zuwa ba.

A tashar karɓar ɗanyen mai nake aiki, a gaɓar gabashin Ingila. Iyalina suna Longsight a Manchester, inda na sauka tun zuwana karatu, kuma matata ta ce ko za a ɗaure ta ba za ta bar unguwar da ake samun naman halal da kuɓewa a ƙofar gida ba. Don haka ni ke yin zirga-zirga. In tafi in yi kwanakin aikina a wani ɗakin haya da ke kallon teku, in na gama in kamo hanyar gida.

Mutanenmu idan suka ji an ce aikin mai, zato suke ina dawowa gida baƙi ƙirin. Ina. Ai man ma ba ka ganinsa. Yana isowa a cakuɗe da gas da ruwa da gishiri, mu kuma namu shi ne mu lallaɓa shi. A ɗumama shi gas ya tashi ya bi hanyarsa, ruwa ya kwanta ƙasa a janye, a wanke gishirin, sannan a tura shi manyan tankuna masu rufin da ke zaune a kan man, yana hawa yana sauka tare da shi. Daga nan jiragen ruwa su zo su kwasa. Duk wannan a cikin ƙarfe yake faruwa, mu muna ɗakin lura muna kallon allo. In ka ga man da idonka, to a kwalbar gwaji ne, kalarsa kamar shayin da aka manta a kan wuta.

A ɗaya ƙarshen bututun akwai wurin da ake haƙo shi, can tsakiyar teku. Platform muke ce masa, wani ɗan gari ne na ƙarfe a tsaye kan ƙafafu. A ɗakin lurarsu akwai wani Bature da muka shekara da shekaru muna magana ta waya. Kullum sai ya yi tari kafin ya ce komai, har na sa masa suna mai tari a raina. Zai ce mini sun rage tura mai, ko su ƙara, ni kuma in ce masa yadda ya iske mu. In aiki ya lafa sai hira. Ya gaya mini yau hazo ya rufe su har ba ka ganin takalminka. Ya gaya mini wata 'yar tsuntsuwa ta gaji da tafiya ta sauka a tagarsu, mai dafa abinci yana ba ta ɓarɓashin burodi. Ni kuwa ina riƙe da waya ina gina wurin a kaina. Na yi masa baranda. Na sa masa fitilu rawaya. Wani lokaci a jirgin ƙasa, in muka shiga tsaunukan da ke tsakaninmu da Manchester hazo ya sauko, sai in ga kamar platform ɗin ne ke wucewa a hankali ta taga, da tumaki a ƙarƙashinsa.

Kowa a tashar ya je ya gani, har da waɗanda na koya wa aiki. Ni ban je ba, kuma dalilin Inna ce, mahaifiyata.

Mu a Kano muka tashi, amma Inna 'yar bakin kogi ce, daga ƙasar Yawuri. Tana da ƙane guda ɗaya da ta goya da bayanta. Wata ranar kasuwa ya shiga kwalekwale tare da mutane da buhunan albasa, kwalekwalen ya kife, ba a same shi ba sai bayan kwanaki. Lokacin tana da cikina. Da aka haife ni aka mayar mini da sunansa, shi ya sa duk gidanmu Kawu ake ce mini, har ita. Tun ina yaro, ko kududdufi na nufa sai ta finciko ni. Ranar da zan taho Ingila ta zaunar da ni a ɗakinta ta ce, “Jirgin sama na yafe, tunda ba yadda zan yi. Amma kan ruwa, Kawu, ban yarda ba. Ko da wasa.”

Na ce to. Kuma wallahi to ɗin nan na riƙe ta. Da muka gama jami'a abokaina suka yi ta rububin aikin teku, ni na nemi na tudu. Na zaɓi mafi kusa da ruwa da zan iya samu ba tare da na taka shi ba. 'Ya'yana sun sha hawa jirgin ruwan yawon shaƙatawa ina tsaye a gaɓa riƙe da jakunkuna da rigunan sanyi. Matata takan ce, “Injiniyan teku ke nan, wanda ko baho sai ya nemi izni.” Sai in yi dariya tare da ita, amma abin yana cina. Ba zan ɓoye ba, akwai ranakun da na ji haushin Inna sosai, ina mutum mai furfura a gemu.

Bayan wata ƙaramar Salla shugabanmu ya tara mu ya ce platform ɗin ya tsufa, abin da yake turowa yanzu ruwa ya fi mai yawa, ƙarshen shekara za a rufe shi a kwance shi. Kafin nan za a ba wasunmu kujera a helikwafta mu je mu yi wuni guda. Ya dube ni ya ce ni ne na farko a ransa. Da rana mai tari ya kira. Ya yi tarinsa ya ce, “Ka zo mu sha shayi mana, kafin su sayar da butar.”

Na kasa cin abinci ranar. Idan ban je yanzu ba, shi ke nan, wurin da na kwashe ƙuruciyata ina karɓar saƙonsa za a yayyanka shi ban gan shi ba.

A lokacin Inna tana Birmingham wajen ƙanwata, ta zo ganin jika da duba idonta. Na hau jirgin ƙasa da safe, daga tasha na shiga bas zuwa unguwarsu, Handsworth. Duk hanya ina shirya magana. Zan ce mata ba kwalekwale ba ne. Zan ce ƙafata ma ba za ta taɓa ruwa ba. Na tanadi hujjoji har da na malamai.

Na same ta a ɗakin gaba, ta jawo kujera kusa da taga, zani da rigar sanyi da safa biyu, tana tsintar wake a faranti. Muka gaisa, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Duk maganar da na shirya ta gudu.

“Inna, wata alfarma na zo nema.”

“Ina jin ka.”

Na gaya mata komai, a hargitse. Ba ta ɗago kai daga waken ba sai da na yi shiru.

“Wurin nan, daga shi ana hango gaɓa?”

“A'a, Inna.”

“Ko kaɗan?”

“Ko kaɗan.”

“Zurfinsa fa?”

Na yi niyyar ragewa, sai na ga ba amfani. Na ce in aka jefa dogon bene a ciki ba za a ga kansa ba. Ta tsinci wata tsakuwa ta ajiye a gefen faranti.

“Kuma ranka yana so.”

“Yana so, Inna. Ya daɗe yana so.”

“In na ce a'a?”

“Sai in haƙura.”

Ta daɗe tana kallon titi. Bas ta wuce, wata mata ta wuce tana tura keken jariri. Can ta ce, “Je ka. Allah Ya kai ka Ya dawo da kai. Amma abu ɗaya, kada ka gaya mini ranar. Kada ka gaya wa 'yar'uwarka, bakinta ba ya riƙe magana. Sai ka dawo ka zo nan da ƙafarka ka ce mini ka je.”

Na yi ta godiya har ta ce ya isa. A raina na ce tsohuwa ta yi dabara, ba ta son ta wuni da fargaba. Na ma yaba mata. Na fito Handsworth ranar ina jin jikina sakayau, na tsaya a wani shago na sayi mangwaro kwali guda ban san wa zan kai wa ba, ƙarshe na koma na ajiye wa ƙanwata.

To, ashe zuwa teku ba a tashi ɗaya ake yi ba. Sai ka ci jarrabawar tsira, wadda ake sa ka a cikin wani akwati mai siffar helikwafta, a nutsar da shi a ruwa, a kifa shi, kai kuma ka ɓalle taga ka fito. Ni da ko iyo ban iya ba. Haka na je wurin ninƙaya na hukuma a Gorton, kusa da unguwarmu, na yi rajista a ajin masu koyo. Ajin safe ne, duk tsofaffin mata ne sai ni, ƙato da gemu da dogon wando, riƙe da wani allon roba ina harba ƙafa. Wata tsohuwa mai hular fure kullum sai ta ce mini ina ƙoƙari, ita da ta fi ni gudu da nisa. Na sha ruwan wurin nan har na san ɗanɗanonsa. Amma ranar da na fara sakin jiki na kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ni, kunnuwana suka toshe, hayaniya ta yi nisa, ina kallon hasken rufi yana rawa, sai na ji hawaye. Ban san ruwa yana ɗaukar mutum a hankali haka ba. Duk abin da aka gaya mini a kansa shi ne yana cinye mutane.

Wannan ya ci makonni. Jarrabawar ta ci nata, na faɗi ta farko na ci ta biyu. Likita ya ci nasa. Aka sa rana, hazo ya hana. Aka sake sawa, iska ta hana. Muna gaisawa da Inna ta waya, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, ba ta taɓa tambayar wancan ba, ni ma ban ɗauko ba. Da Babbar Salla muka je mata gaba ɗaya, ta ci nama tare da mu tana tsokanar jikokinta da Turancinsu na hanci. Na ga ta ɗan faɗa, na ce abincin Ingila ne bai karɓe ta ba.

Sai ƙarshen bazara tafiyar ta yiwu. Aka zura mu cikin wata rigar roba mai matse wuya, aka toshe mana kunne, muka tashi. Na ga tasharmu daga sama, tankunan nan da nake wuni ina zagayawa sun koma kamar faifai a shanya. Daga nan ƙasa ta ƙare. Na yi ta leƙe ko zan hango bututun a ƙarƙashin ruwa, alhali na fi kowa sanin ba a ganinsa. Babu komai sai ruwan toka da ɗan farin kumfa nan da can. Ƙarar injin ta sa ni gyangyaɗi, ina farkawa ina komawa, har na daina sanin ko tafiya muke ko tsaye muke a sama.

Da platform ɗin ya bayyana, ƙarami ne ƙwarai. Babu baranda. Tsatsa ta ci gefensa, yana warin fenti da soyayyen dankali. Daɓensa raga ce ta ƙarfe, in ka sunkuya kana ganin teku tana numfashi a ƙarƙashin takalminka. Na tsaya na riƙe ƙarfe da hannu biyu. Sai na ji tari a bayana.

Gajere ne, mai sanƙo, da tabarau a rataye a wuya. Ni dogo na ƙera shi a raina, da gemu ja. Shi ma ya ce ya zaci na fi haka ƙiba. Muka rungumi juna muna dariya, sannan muka rasa abin cewa, tunda ba waya a tsakaninmu. Ya haɗa mini shayi a butar da ya yi magana. Ya zagaya da ni har inda bututunmu ke sauka cikin ruwa, ya ce kada in taɓa, akwai zafi. Na kai hannu kusa na ji hucinsa. Ashe da zafi yake barin gida.

Da azahar na tambayi gabas, wani ya duba ya nuna mini wata kusurwa. Na shimfiɗa kwali na yi salla a kan ruwa. Da na sallame na zauna ina kallon inda teku ta haɗu da sama, ko'ina iri ɗaya, babu tsallake. Na tuna mai sunana, wanda ban taɓa gani ba ko a hoto. Shi yana hango gaɓa ma, an ce har yana jin hayaniyar kasuwa. Na yi masa addu'a, na daɗe ban tashi ba. Daɗi nake ji, da wani abu mai nauyi a ƙirji, duka a haɗe.

Washegari ban ko tsaya Manchester ba, na wuce Birmingham. Ƙanwata ce ta buɗe ƙofa, jariri a kafaɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ja ni kicin ta tura ƙofa.

“Yaya, gara da Allah Ya kawo ka. Ka yi wa Inna magana, ni na gaji. Azumi take yi kullum.”

“Wane irin kullum?”

“Kullum dai. Da farko na ce Sitta Shawwal ne, na ce ko ramuwa ce. To abu ya ƙi ƙarewa. In ka cire kwanakin Babbar Salla, ba ta sha ko ɗaya ba. Kuma ka san ranar ƙasar nan da zafi, sai wajen tara da rabi take faɗuwa. Likita ya yi faɗa, na yi kuka, ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba. Ban san me take roƙo ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun zuwanka na bayan ƙaramar Salla. Ranar da ka bar mana mangwaro.”

Na jingina da firij. Ina can ina harba ƙafa a ruwan Gorton, ana ɗaga mini rana ina tsaki, ita tana nan tana ɗaukar kowace safiya a kan ita ce ranar.

Tana wurinta na bakin taga, da carbi a hannu. Yanzu da na san abin da nake dubawa, na ga wuyan hannunta, na ga yadda rigar sanyin ta yi mata yawa. Na durƙusa.

“Inna, na je. Na dawo.”

Ta kamo hannuna ta murza, ta shafa kafaɗata, ta shafa kaina, tana motsa baki. Sai da ta gama hamdalarta ta ce, “Yaya ruwan?”

“Yana da yawa, Inna.”

“Ka ga abin da kake son gani?”

“Na gani.”

“Babu komawa?”

“Babu. An gama.”

Ta ɗaga murya ta kira ƙanwata ta ce gobe da safe a dama mata koko, mai kauri. Na yau kam za ta ƙarasa shi, na godiya ne. Ƙanwata tana bakin ƙofa tana kallonmu, ba ta gane komai ba.

Na kasa daurewa. Raina ya ɓaci, da ita da kaina. Na ce, “Inna, don Allah me ya sa? Wata nawa? Da kin bari na gaya miki ranar, ai da wuni ɗaya za ki yi ki huta.”

Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

“Da na san ranar, Kawu, da asuba zan kira ka in ce ka fasa. Na san halina.” Ta mayar da carbin ɗaya hannun. “Kai ma na san naka. Da ka fasa.”

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Da sauran rana sosai, na ce wa ƙanwata kada ta zuba mini abinci, zan jira mu ci tare.